Wanne zan ba yarinyar nan ta fara da shi?

Maman Ihsan: Salamu alaikum 'yan zaure. An ba ɗiyata aiki a makaranta kan tace rubutu da halin bin yarima a sha kiɗa. Malaminsu ya ce ta zaɓi littafi ɗaya, ko 1984 ko Fahrenheit 451. Wanne ya fi sauƙi?

Malamin Adabi: Wa alaikumus salam. Na Ray Bradbury, Fahrenheit 451. Ya fi gajarta.

Ɗan Kwari: Hajiya, ki dai buɗe ido wajen saye. Nawa a bakin titi na saya, bugun jabu, takardar kamar ta ƙunshin ƙosai. Ina cikin karatu, Montag ɗan kwana-kwanan nan da aikinsa ƙona littattafai ya kwanta ciwo, bayan wata tsohuwa ta ƙyasta ashana ta ƙone tare da littattafanta a gabansa. Shugabansa Beatty ya zo dubiya, sai kawai shafuka suka yi tsalle. Sai da na ari na wani na ga abin da aka yi mini asara. A nan ne Beatty yake cewa ba daga gwamnati abin ya faro ba. Mutane ne da kansu suka gaji da karatu, suka koma gaban talabijin mai girman bango, kowace ƙungiya kuma tana kukan littafi kaza ya taɓa ta, har aka rasa mai rubuta abu mai gishiri. Doka daga baya ta zo ta tarar da su. Da na koma wajen wanda ya sayar mini sai ya ce kaya in ya bar tebur ba ya dawowa.

Baban Ummi: Wato littafin tacewa aka tace maka, hhhh.

Malamin Adabi: Ba kai kaɗai ba ne. Kamfanin da ke buga shi a Amurka ma ya fitar da na 'yan makaranta a 1967, aka cire zage-zage ba da sanin marubucin ba. Sai 1980 aka maido da cikakken.

Yayar Zaure: Ni 1984 na George Orwell zan ce. Winston, jarumin littafin, yana zaune a ma'aikata yana sauya tsofaffin jaridu don su dace da maganar jam'iyya ta yau. Wace tacewa ta wuce wannan?

Baban Ummi: Anti, ɗakin nan da aka azabtar da Winston da ɓeraye fa? Yarinya ba za ta yi barci ba.

Gwaggo: In Orwell ake so ai akwai Gandun Dabbobi da Hausa, fassarar Bala Abdullahi Funtua.

Ɗan Kwari: Ta ma rubuta na gida. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano, lokacin A Daidaita Sahu, shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jihar.

Yayar Zaure: A'a ƙanena, kar ka haɗa. Wancan tarbiyya ce, a hannun ɗalibai mata aka karɓe su.

Ɗan Kwari: Shi ma Beatty cewa yake don mutane su samu kwanciyar hankali ne.

Yayar Zaure: Da 'yarka ce ka gan su a jakarta za ka tafa mata?

Malamin Adabi: Jama'a, a bar siyasa don Allah.

Baban Ummi: Gwaggo, Gandun Dabbobin nan har yanzu ana samunsa? Ni tun muna sakandare rabona da shi.