Ƙanƙara ce ke haska sama, ko daga Rana abin yake?

Auta: Assalamu alaikum. Ga hoton hasken sama da ake kira aurora, wanda na ɗauka daren jiya a bayan garin Tromso a ƙasar Norwe. Sama ta yi kore shar, hasken yana kaɗawa kamar labule a iska. Kusan rabin awa muka yi a tsaye, ba wanda ya iya cewa uffan.

Gwaggo: Masha Allah! Ikon Allah sai kallo. Auta, ka dai sa rigar sanyi ko?

Kawu: Wa alaikumus salam. Wannan ai hasken rana ne yake dukan ƙanƙarar da ta rufe ƙasar, ya koma sama kamar yadda madubi ke mayar da haske. Shi ya sa ba a ganinsa sai a ƙasashen ƙanƙara, kuma sai sanyi ya tsananta. Haka muka ji tun muna makaranta.

Yaya: Kawu, Allah ya ƙara girma, a nan kam ban yarda ba. Mutane da yawa sun ɗauka haka, amma an gwada tun a ƙarni na 19. Wani masani ɗan Suwidin, Anders Angstrom, ya rarrabe launukan hasken da na'ura, ya ga ba irin na rana ba ne, akwai wani kore guda da ya fi ƙarfi a cikinsa. Da hasken rana ne ya dawo, da an ga launukan rana a ciki.

Kawu: To daga ina yake fitowa, in ba daga rana ba?

Yaya: Daga Rana ɗin ne, amma ba haskenta ba. Rana tana fesar da ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki dare da rana. Duniya kuma tana da ƙarfin maganaɗisu da ya kewaye ta, yana kare mu daga mafi yawansu, sai dai yana karkatar da wasu zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. A can sama, daga kilomita 100 zuwa wajen 300, ƙwayoyin suna karo da iskar oksijin da naitirojin, iskar ce take yin haske. Koren da Auta ya ɗauka na oksijin ne. Ja ma na oksijin ne, amma daga can sama da kilomita 200. Shuɗi da ruwan hoda na naitirojin ne.

Kawu: Bayani ya yi kyau. Amma ka amsa mini wannan: me ya sa masu yawon buɗe ido ba sa zuwa sai lokacin sanyi? Ka taɓa jin wanda ya gan shi a watan Yuni?

Auta: Kawu, wannan zan iya amsawa, don ina zaune a ciki. A nan daga wajen 20 ga Mayu har bayan tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa sam. Hasken yana nan a sama, duhun da za a gan shi ne babu, kamar yadda taurari suke nan da tsakar rana. Abin da lokacin sanyi yake bayarwa shi ne dogon dare. Ni na gan shi a watan Satumba, ƙasa ba ƙanƙara ko kaɗan, ciyawa ma ba ta bushe ba.

Anti: Ni abin da ya dame ni daban ne. An ce a ido ba ya kai yadda yake a hoto. Auta, faɗa mana gaskiya, kar mutum ya kashe kuɗin jirgi a banza.

Auta: Gaskiya ne, Anti. In ya yi rauni, ido yana ganinsa kamar farin gajimare, kyamara ce take fito da koren saboda tana tara haske na daƙiƙoƙi. In ya yi ƙarfi kuwa, irin na jiya, hoton ne ma bai kai abin da ido ya gani ba. Babban abokin gaba shi ne hadari. Tromso tana bakin teku, sai a yi mako guda sama a rufe. Shi ya sa wasu suke tsallakawa Abisko a Suwidin, inda sama ta fi washewa. Akwai kuma Rovaniemi a Finlan, da Aislan, da Fairbanks a Alaska, da Yellowknife a Kanada. Duk wanda zai zo, ya zo tsakanin Satumba da Maris, ya ware kwana huɗu ko biyar, ya fita daga fitilun gari.

Kawu: Duk wuraren da ka lissafa ai na ƙanƙara ne. Maganata tana nan.

Yaya: Sun haɗu ne a kan layi ɗaya da ya kewaye ƙuryar arewa kamar zobe, Kawu, wajen digiri 60 zuwa 70 a arewa, inda maganaɗisun yake zubo da ƙwayoyin. In Rana ta yi aman wuta mai ƙarfi, zoben yana faɗaɗa. A watan Mayun 2024 an gan shi a Meziko da Florida. A Satumbar 1859 an gan shi har Kuba, wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi. A Maris ɗin 1989 irin wannan guguwa ta Rana ta ɗauke wutar lantarkin Quebec na awa tara. Ƙanƙara ba ta ƙona waya, kuma babu ita a Kuba.

Kawu: To, Kuba kam ta ɗaure ni. Zan bincika da kaina kafin in sauka.

Gwaggo: Mu a Kano za mu taɓa ganinsa kuwa?

Yaya: Da wuya ƙwarai, Gwaggo. Muna digiri 12 ne, mun yi nisa da zoben.

Anti: Auta, duba mana farashin masauki na watan Maris.