Wace kalma za mu sa wa "model" a takardar horar da ma'aikata?

Injiniyan Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum jama'a. Ana rubuta takardar horo da Hausa domin ma'aikatan ofis masu aiki da mataimakin ƙirƙirarriyar basira, irin su Microsoft 365 Copilot da ChatGPT na kamfanoni, kuma an maƙale a kan kalmar Turancin nan, "model". Abin da ake so ma'aikaci ya gane shi ne mataimakin daban, abin da ke cikinsa yana ba da amsa daban. A watan Satumba 2025 Microsoft ta fara bari a zaɓi Claude na kamfanin Anthropic a wasu sassan Copilot, bayan da can na OpenAI ne ke aikin. Ke nan manhaja ɗaya ce a gabanka, amma mai amsawar yana iya canzawa. Kalmomi huɗu ke hannu: samfuri, ƙira, inji, modal. A taimaka.

Ɗan Wunti, Bauchi

Wa alaikumus salam Injiniya. Ni inji na zaɓa. Mataimakin shi ne bodin mota, abin da ke jan ta shi ne inji, ana iya sauke wannan a ɗora wancan ba a taɓa kujeru ba. Duk wanda ka yi wa wannan bayanin ya gane nan take.

Malama ta Yelwa, Bauchi

Bayanin ya yi, Malam, amma kalmar ba za ta zauna a ofis ba. Ka rubuta "a canza inji idan aiki ya yi nauyi" ka liƙa a bango, wallahi wajen janareta za a nufa. Ƙira kuma ta riga ta zama ta kamfani: mota ƙirar Toyota, waya ƙirar Tecno. Idan muka ce ƙirar Anthropic mun faɗi maƙerin ne kawai, alhali shi kansa a watan Maris 2024 nau'in Claude uku ya fitar, Haiku da Sonnet da Opus, ƙarami da matsakaici da babba. Google ma tana da Gemini Flash da Gemini Pro. Tsakanin waɗannan ne zaɓin yake, don haka a bar ƙira ga sunan kamfani, a ba samfuri wannan gurbin. Sai a ce: samfurin Haiku, ƙirar Anthropic. Jam'insa samfura, kuma namiji ne, wannan samfurin ya fi wancan sauri.

Ɗan Wunti, Bauchi

To ai samfuri ma yana da nasa aikin, Malama. Samfurin jini a asibiti, samfurin hatsi a kasuwar Muda Lawal. Ma'aikaci zai ɗauka ɗan gwaji aka ba shi kafin a kawo na gaskiya.

Malama ta Yelwa, Bauchi

Haka ne, amma 'yan jarida sun daɗe suna cewa bindiga samfurin kaza, jirgi samfurin kaza, kuma ba wanda ya taɓa ɗauka ɗanɗano ake nufi. A farkon takarda a rubuta shi cikakke, samfurin ƙirƙirarriyar basira, daga nan a riƙa taƙaitawa.

Mai kula da sabar ofis, Bolari

Ina bayan Adda Malama, kuma dalilina na aiki ne. Kalmar da za a ɗauka dole ta karɓi siffa ba tare da ta yi nauyi a baki ba, domin rabon aikin a kan siffofin yake. Ga yadda zai fito a takardar.

Ƙaramin samfuri: taƙaita imel, rarraba takardun koke zuwa sashen da ya dace, ciro suna da kwanan wata da adadin kuɗi daga rasit, gyara rubutun sanarwa. Aikin da ake maimaitawa sau ɗari a rana, wanda kuskurensa ke bayyana da kallo ɗaya.

Babban samfuri: rubuta rahoton wata uku daga takardu da yawa, kwatanta kwangila biyu, amsa wasiƙar da ke buƙatar lafazi mai kyau.

Samfuri mai nazari: irin wanda OpenAI ta fara fitarwa da sunan o1 a Satumba 2024, mai bin matsala mataki-mataki kafin ya amsa. Shi ake ba daidaita lissafin da ya ƙi haɗuwa, ko tsara jadawalin aiki mai sharuɗɗa da yawa. Yana da jinkiri, kuma nazarin da yake yi a ɓoye ana cajinsa kamar amsar da ya rubuta. Wanda ya ba shi taƙaita imel mai layi biyar ya yi asarar kuɗi da lokaci.

Kuɗin kuwa ba ƙaramin bambanci ba ne. A farashin ƙarshen 2024, ƙaramin samfurin OpenAI, GPT-4o mini, santi 15 ne a kan tokin miliyan ɗaya na abin da ka shigar, santi 60 na abin da ya fitar. Babban kuma, GPT-4o, dala 2.50 da dala 10. A ce ofis yana da wasiƙu 1,000, kowace tokin 2,000, ana son taƙaitawa mai tokin 300. Shigarwa miliyan 2 ke nan, fitarwa 300,000. Ƙaramin zai ci santi 48, babban dala 8. Ya haura ninki 16, a kan aikin da ƙaramin zai iya.

Injiniyan Jekadafari, Gombe

Madalla, Hamma. Amma ka shigo da wata baƙuwar, tokin. Ita fa?

Mai kula da sabar ofis, Bolari

Gutsure ya dace da ma'anar, domin samfuri ba kalma-kalma yake karantawa ba, yana gutsuttsura rubutu ne. A Turanci gutsure ɗaya kusan haruffa huɗu ne, 100 suna ba da kalmomi wajen 75. Hausa ta fi cin su, saboda yawancin rubutun da aka gina tsarin gutsurawar a kansa na Turanci ne, ga kuma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ da kowannensu ke ɗaukar bayit biyu, wato gurbi biyu a ma'ajiyar kwamfuta, maimakon ɗaya. Don haka lissafin da aka yi da wasiƙun Turanci ba zai yi daidai da na Hausa ba, a sake aunawa. Sai dai ni zan bar tokin yadda yake, tunda ma'auni ne kamar lita da kilo, kuma shi akanta zai gani a takardar biya. A yi bayani da gutsure sau ɗaya.

Hajiya mai binciken kuɗi, Tudun Wada

Sannunku da ƙoƙari. Na yarda da samfuri, amma a kula da "ƙarami" da "babba", kar ma'aikaci ya fahimci babba ba ya kuskure. Dukansu suna iya ƙirƙiro adadi ko sashen doka da babu shi, su kuma faɗe shi da cikakken tabbaci. Inda ƙarami ya fi faɗuwa shi ne umarni mai sharuɗɗa da yawa: ka ba shi shida, ya bi huɗu ya manta biyu. Inda dukansu ke rauni shi ne doguwar takarda. A 2024 GPT-4o yana ɗaukar tokin 128,000 a zama ɗaya, Claude 3 kuma 200,000, amma ɗauka ba riƙewa ba ce, abin da ke tsakiyar takarda ya fi saurin kuɓuce musu. Gara a yanka ta babi-babi.

Hanyar zaɓe kuma kar a dogara da tallan kamfani. A ɗebo takardun ofis na gaske guda 20 zuwa 30 waɗanda an riga an san amsarsu, a cire sunaye da lambobin mutane, a haɗa da na Hausa da masu gauraye da Turanci. A ba kowane samfuri umarni iri ɗaya, a ɓoye sunansa, mutum biyu su duba. A fara daga mafi araha, idan ya ci ya isa, idan ya faɗi a hau na gaba. Duk lokacin da kamfani ya fitar da sabo ko ya janye tsoho, a maimaita da takardun nan dai.

Sannan canza samfuri wani lokaci canza inda bayanai ke zuwa ne. Lokacin da Microsoft ta kawo Claude, sai mai kula da tsarin ofis ya kunna shi da kansa, domin a lokacin ba a kan sabar Microsoft, wato manyan kwamfutocinta, yake gudana ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 tana da sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasar waje, don haka takardar albashi da fayil ɗin ma'aikaci ba a ba kowane samfuri sai an tambaya.

Ɗan Wunti, Bauchi

Na sauka daga kan inji, Hajiya. Amma ku sani a baki modal za a ci gaba da cewa, kamar yadda ake tambayar mai sayar da waya wane modal ne.

Injiniyan Jekadafari, Gombe

Ba laifi, a wurin horo mai koyarwa ya faɗi duka biyun. A rubuce samfuri zai shiga, ƙira ga kamfani, tokin ya zauna. Saura wanda ke zaɓar samfuri da kansa gwargwadon nauyin tambaya, kamar yadda GPT-5 ya zo da shi a Agusta 2025. Na sa "mai rabon aiki" na wucin gadi a shafi na huɗu. Malama, ki duba ko zai zauna.