Wai In Ana Yaƙi Dokar Zango Biyu Ta Faɗi?

Alhaji, Agege: Salamu alaikum jama'a. Wata magana ce ke yawo: wai duk ƙasar da ta shiga yaƙi, dokar zango biyu ta faɗi, shugaba zai zauna har sai an ajiye makamai. Ni ina ganin ba ta rasa tushe ba. Ga Zelensky na Yukren, an rantsar da shi a Mayun 2019, shekara biyar ɗinsa ta cika a Mayun 2024, ba a yi zaɓe ba.

Barista, Ikeja: Wa alaikumus salam. Alhaji, abu biyu ake cakuɗawa: tsawon wa'adi daban, yawan zango daban. Tsarin mulkinmu na 1999, sashe na 135(2), ya ba shugaba shekara huɗu. Sashe na 135(3) ya ce idan Najeriya na yaƙi, yaƙin kuma ya taɓa ƙasarta, shugaba ya ga zaɓe ba zai yiwu ba, Majalisar Tarayya na iya ƙara wa'adin, amma kowane ƙari kada ya wuce wata shida. Shi kuwa 137(1)(b), wanda ya hana wanda aka zaɓa sau biyu sake tsayawa, ko kalmar yaƙi babu a cikinsa. Ana iya jinkirta ranar sauka, ba a iya buɗe takara ta uku.

Alhaji, Agege: To Yukren ɗin fa?

Barista, Ikeja: Zangonsa na farko ne ma. Dokarsu ta hana zaɓe muddin dokar ta-ɓaci ta lokacin yaƙi na aiki, wadda suka kafa a Fabrairun 2022, tsarin mulkinsu kuma ya ce shugaba na riƙe da kujera har magajinsa ya karɓa.

Malama, Idi-Araba: Barista, ka faɗi daidai amma ka tsallake ramin. Sashen ya ce ana iya ƙarin daga lokaci zuwa lokaci, bai ce sau nawa ba. Wata shida sau takwas shekara huɗu ke nan, zango guda cur ba tare da an kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba. Sannan duba masu amincewa: sashe na 64(2) ya ba 'yan majalisar damar ƙara wa kansu irin wannan wata shidan, 180(3) kuma ya shafi gwamnoni. An ba kura ajiyar nama ke nan. Abin da ya fi damuna, 135(3) bai nemi kashi biyu bisa uku ba, kuma sashe na 56 ya ce inda ba a fayyace ba rinjaye kawai ya isa. Kashi ɗaya bisa uku ake bukata a buɗe zama: sanata 37 cikin 109, wakilai 120 cikin 360. A lissafi, sanata 19 da wakili 61 sun wadatar.

Barista, Ikeja: Lissafinki bai da gyara, Malama. Amma kafin a kai nan akwai ƙofa. Sashe na 5(4) ya hana shugaba shelanta yaƙi da wata ƙasa sai majalisun biyu sun amince a zaman haɗin gwiwa.

Malama, Idi-Araba: Da wata ƙasa, ka ce. Shi 135(3) cewa kawai ya yi ana yaƙi. Wa zai hana wani ya kira rikicin Boko Haram ko na 'yan bindiga yaƙi?

Malam, Alaba Rago: Yauwa, nan gizo ke saƙa. Amma mu duba abin da aka yi a aikace. A Mayun 2013 Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa ƙarƙashin sashe na 305. Wannan sashe bai ƙara wa kowa ko kwana ɗaya ba. A 2015, Boko Haram na riƙe da garuruwa, hukumar zaɓe ƙarƙashin Jega ta ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, mako shida. Me ya sa ba a wuce haka sosai ba? Sashe na 132(2) ya tilasta a yi zaɓe aƙalla kwana 30 kafin wa'adi ya ƙare. Aka yi, aka miƙa mulki ranar 29 ga Mayu. Ba wanda ya taɓa 135(3).

Ɗalibi, Akoka: Iyayena, ku ba ni dama. Masu yaɗa maganar suna kawo Roosevelt na Amurka, wai yaƙin duniya ne ya ba shi zango huɗu. Zaɓe ya ci a 1932, 1936, 1940 da 1944, lokacin babu dokar iyaka, al'ada ce kawai. Gyara na 22 ga tsarin mulkin Amurka da ya kafa zango biyu sai a 1951 ya tabbata, kuma bai ware lokacin yaƙi ba. Lincoln ma ya tsaya zaɓe a 1864 ana tsakiyar yaƙin basasa.

Alhaji, Agege: Allah ya yi albarka, ɗana. Amma Gowon ya yi shekara tara, har da yaƙin Biyafara a ciki.

Malam, Alaba Rago: Alhaji, soja da bindiga ya hau, da doka ta soja yake mulki, babu wa'adin da za a ɗage. Farar hula mai son zango na uku sai ya gyara tsarin mulki ta hanyar sashe na 9: kashi biyu bisa uku na majalisun biyu, da majalisun jiha 24 cikin 36. Nan tazarcen zamanin Obasanjo ya mutu a Majalisar Dattawa a Mayun 2006. Tandja na Nijar ya bi ta ƙuri'ar raba gardama a 2009, a Fabrairun 2010 sojoji suka ɗauke shi.

Malama, Idi-Araba: Duk na yarda, Malam, amma tambayata na nan. Idan majalisa ta ce rikicin cikin gida yaƙi ne, ta ƙara wata shida, wa zai warware?

Barista, Ikeja: Kotu, daga ƙarshe Kotun Ƙoli. Ni a karatuna, sai a haɗa 135(3) da 5(4): yaƙi da wata ƙasa ake nufi, tunda sashe na 305 ya lissafa yaƙi daban, lalacewar doka da oda daban.

Malama, Idi-Araba: Kafin shari'ar ta bi matakan kotu ta kai Kotun Ƙoli, Barista, wata shidan farko ya ƙare an shiga na biyu.