Tashi ƙarfe 4:30 a hunturu: wace wahala ce mai amfani?

Ɗan_Dala:
Assalamu alaikum. Mutum yana son ya riƙa tashi ƙarfe 4:30 ya yi tilawa da karatun jarrabawa kafin sallar asuba, amma kwana uku sai a koma gidan jiya, balle yanzu da sanyi ya sauko. Kowa sai ya ce a daure. To daurewar ta yaya ce? Malamai a taimaka.

Malam_Bala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ciwon ba na safiya ba ne, na dare ne. Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. Wanda ya kwanta sha biyun dare ya tashi 4:30, awa huɗu da rabi kawai ya samu. Niyya za ta ɗauke shi kwana biyu, a na uku jiki ya karɓi bashinsa. Wahalar da za ka runguma ita ce ajiye waya da barin majalisa bayan isha, ka kwanta 9:30.

Kuma kada ka yi tsalle. In 5:30 kake tashi, rage minti 15 duk bayan kwana uku, cikin kwana 12 ka isa 4:30. Asabar da Lahadi ma haka, domin ramuwar barci a ƙarshen mako ce ke rusa abin da aka gina. Goro, shayi da Nescafe ka bar su daga la'asar: bayan kamar awa biyar, rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini.

Anti_Maryam:
Ƙari a kan na Malam. Nauyin jikin da ake ji da farkawa yakan ɗauki minti 15 zuwa 30 ya sake, kuma a nan ne mutane ke faɗuwa, suna zaton barcin ne bai ishe su ba. Ka sa wayar inda sai ka taka kafin ka kashe ƙararrawa, rigar sanyi da safa da hula a gefenta. Kunna fitila mai haske sosai, haske ne ke sanar da jiki gari ya waye. Kada ka zauna a bakin katifa wai ka tattara hankali, an gama da kai. Minti goman farko ka yi tilawar a tsaye, da murya. Ruwan alwala kuwa a zuba a filas tun da dare.

Don Allah kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Abu_Hafsa:
Anti, ban yarda da na filas ba. Ai hadisi ya zo a Muslim kan falalar cika alwala a lokacin da take da wuya. In an ɗumama ruwan ina horon?

Malam_Bala:
Ladan na wanda sanyi ya same shi ne bai tauye alwalar ba, ba a ce ka je neman wahala ba. Ruwan ɗumi halas ne, kuma in shi zai sa ka dore, ya fi. Wani binciken Jami'ar UCL ta Landan, na Phillippa Lally, ya gano cewa sabon hali yakan ɗauki kwana 66 a matsakaici kafin ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma kuskuren rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Saboda haka ranar da ka makara, kada ka ce sai Litinin, gobe ka tashi a lokacinka. Ƙailula bayan azahar minti 20 ta isa. Ta wuce haka sai ta cinye barcin dare. In ka fara gyangyaɗi a aji ko a kan babur, riƙa kwanciya rabin awa kafin lokacin da ka saba.

Ɗan_Dala:
Allah ya saka da alheri. Wanda aiki ke hana shi kwanciya sai sha ɗaya fa?

Anti_Maryam:
Ya bar 4:30. Ya tashi asuba, ya yi karatun bayan sallah.