Iskar Gabas da Bakin Kabari: Musayar Waƙa a kan Mu'ujizai

Malamin Kimiyya:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ka'idarmu tana nan: wanda zai amsa, ya amsa da baiti.

Da sunan Uba na soma wannan waƙa,
Shi ne ya yi sama da ƙasa da rayuwa.

Ina da tambaya, ya ku 'yan zumunci,
Ta daɗe a raina ba ta kwantawa.

Fitowa sura 14 na buɗe,
Inda Bahar Maliya ke rabuwa.

Aya ta 21 ta faɗa da bakinta,
Iskar gabas ce ta kwana tana hurawa.

A 1882 wani hafsan sojan Ingila,
Tulloch, a Masar yana zagayawa,

A bakin tafkin Manzala ya tsaya,
Iskar gabas ta taso ba sassautawa.

Gari ya waye, ruwa ya ja wajen mil 7,
Inda jiya jirage, yau ana takawa.

A 2010 kuma can a Amurka,
Carl Drews da kwamfuta ya yi gwadawa:

Iska mai gudun kilomita 100 a awa,
Awa 12 tana ta bugawa,

Ruwa mai zurfin mita 2 zai kauce,
Hanya ta buɗe awa 4 don wucewa.

In iskar ta faɗi, ruwa ya komo,
Duk wanda ke ciki sai nutsewa.

To Baba da Mama, in iska ta iya,
Ina mu'ujizar da muke rerawa?

Baba Dattijo:

Ɗana, na ji ka, kuma ban yi fushi ba,
Tambaya irin taka alamar aminci.

Iskar da ka ambata ban musa ta ba,
Musun abin da aya ta ce, ai jahilci.

Sai dai ka koma ka sake karantawa,
Wa ya kora tekun? Wa ke da hukunci?

Ubangiji ne ya kora shi da iska,
Ita 'yar aike ce, ba ta da 'yanci.

Garma tana huɗa, kowa na gani,
Hannun da ya riƙe ta ke kawo abinci.

Iskar Tulloch ta zo ta kwashe tafki,
Ba bawan da ta fitar daga ƙunci.

Ba Fir'auna a baya da karusai 600,
Ba jama'ar da ke gudun zalunci.

Ta Musa ta zo a daren da ake bukata,
Ba jiya ba, ba gobe ba, a kan lokaci.

Ta ci gaba har na ƙarshe ya haura gaɓa,
Da asuba ta saki ruwa kan maƙetaci.

Drews ɗin ma Kirista ne, ya auna gudunta,
Batun wa ya aike ta, awo ya yi ƙaranci.

Ƙaramin Toma:

Baba, da ladabi nake shigowa,
Malam ya buɗe, ni nake ƙarawa,
Kun yarda iska ce ta yi korewa,
To don me ba za mu ci gaba ba?

A Jamus an yi wani shehin malami,
Paulus, ya ƙware cikin ilimi,
A 1828 ya ɗau alƙalami,
Bai ce masu Bishara sun yi ƙarya ba.

Ya ce taron 5,000 a jeji,
Da guzuri wasu suka zo, ka ji,
Ganin Yesu ya raba, kunya suka ji,
Kowa ya kwance, ba wanda bai ci ba.

Ni wannan bayani yana taɓa raina,
Marowaci ya buɗe hannu da rana,
Wannan ma abin mamaki ne a guna,
Ban ga ya rage darajar Yesu ba.

A 2006 ga wani bincike gare ku,
Doron Nof na Florida na kawo muku,
Ya ce ƙanƙara kan kama gefen teku,
A Galili ta da, ba ta yanzu ba.

Kusa da Tabga, gun maɓuɓɓugan gishiri,
Falalen ƙanƙara kan yi tauri,
Na nesa ya hango Yesu tafe da sauri,
Ya ce kan ruwa ne, bai ga ƙasan ba.

Manna ma an bi sawunta a Sinai,
Ƙwari ke zubar da ita daga itace dai,
Fara ce, da zaƙi, makiyaya na ci sosai,
Har yau ba su daina tsinta ba.

Ina sujada, ina yin addu'a,
Amma in abokaina na jami'a
Sun tambaye ni a gaban jama'a,
Ban so in ce musu ku yi shiru ba.

Uwar Zumunta:

Toma, matso kusa da ni ka zauna,
Ba mai ce maka yi shiru a nan, ɗana.

Amma tsakanin zancen Malam da naka
Akwai tazara, ka saurari batuna.

Iskar gabas tana cikin aya,
Malam bai ƙara komai ba a kan magana.

Guzurin Paulus fa, a wace aya?
Buɗe mini ita in gani da idona.

Bishara huɗun duk sun kawo labarin,
Ba wadda ta ambaci guzuri ko da suna.

Almajirai ne suka ce a sallami taro,
Su nemi abinci a ƙauye da wurin kwana.

Filibus ya ce gurasar dinari 200
Ba za ta kai ga kowa ba, ka tuna.

Andarawus ya kawo yaro guda,
Gurasar sha'ir 5 da kifi 2 ya nuna.

Aka ci aka ƙoshi, aka tattara saura,
Kwando 12, haka Yohanna ya zana.

In da rabon guzuri kurum aka yi,
Don me suka tashi naɗa shi sarki, ya hana?

Mutanen da suka kwance jakar kansu
Sun san inda abinci ya fito, a ganina.

Sai ƙanƙarar Nof: a daren ranar ne fa,
Gab da Idin Ƙetarewa, ciyawa kore a gona.

Jirgi ya yi nisan mil 3 ko 4,
Iska ta tashi, igiyar ruwa na ɓarna.

Wace ƙanƙara za ta ɗauki mutum
Nesa da gaɓa, cikin wannan fitina?

Bitrus ya sauka, ya taka, ya soma nutsewa,
Yesu na tsaye dab da shi, ya kama shi da ƙauna.

Manna ta ƙwari 'yan makonni take yi,
Ta Musa shekara 40, kafin zafin rana.

Ran Asabar ba ta sauka ko kaɗan,
Ƙwaro ba ya kiyaye Asabar, a sanina.

In ka ce abin bai faru ba, na gane,
Hanya ce, ko da ba ita ce ta imanina.

Amma a riƙe labari a cire abin da ya faɗa,
A cusa wani ciki, wannan ke ɓata raina.

Malamin Kimiyya:

Mama, hujjarki ta zauna daram,
A kan Paulus da Nof kin faɗi gaskiya.

Tun 1835 Strauss, Bajamushe shi ma,
Ya ce bayanin Paulus ba shi da hanya.

Sai dai shi ya zarce ya ce almara ce,
Nan muka rabu da shi, na juya baya.

Abin da ke damuna ba na Galili ba ne,
Na unguwarmu ne, shi ke cin zuciya.

David Hume na Sikotilan a 1748
Ya ajiye ma'auni a gaban duniya:

Wanne ya fi sauƙi, matacce ya tashi,
Ko mai labari ya ruɗe, ko ya yi ƙarya?

Ban bi shi har ƙarshe ba, amma awonsa
Yana da amfani ga mai neman lafiya.

Ga masu sayar da mai a kwalba,
Da ruwa da hankici, suna tara dukiya.

Mai ciwon suga ya bar allurarsa,
Mai hawan jini ya zubar da ƙwaya.

An ce musu magani rashin imani ne,
Muka raka su makabarta ɗaya bayan ɗaya.

In ban koya wa yara neman dalili ba,
Wa zai tsare su? Ina kariya?

Nas Mai Aikin Dare:

Malam, kukanka nawa ne, na gan su,
An kawo su a makare gun likita.

Amma neman dalili ba gaba da Ikkilisiya ba ne,
Zo mu je Faransa, hanyar ka bi ta.

A Lurdes, inda Barnadet a 1858
Ta ce ta ga Maryamu, ruwa ya fita,

Tun 1883 akwai ofishin likitoci,
Mai cewa ya warke, sai an bi tarihin cuta.

Ko kana da addini ko ba ka da shi,
In likita ne kai, shiga ka karanta.

Ka'idar tun ta Lambertini ce,
Fafaroma Benedict na 14, shi ya rubuta:

Ciwon ya zam mai tsanani, an tabbatar,
Ba maganin da za a ce shi ya kawar da ita.

Warkewa ta zo farat ɗaya, cikakkiya,
Shekaru su shuɗe, jiki na nan ya huta.

Sama da 7,000 sun kai labarinsu,
70 da 'yan kai kaɗai Ikkilisiya ta gaskata.

Likita ba ya cewa mu'ujiza ce,
Ba mu da bayani, iyakar abin da zai furta.

Bishop ne ke yanke sauran da addu'a,
Kowa da iyakarsa, ba ya ƙetare ta.

Yesu ma da ya warkar da kutare 10,
Ya ce su je firist ya duba fata.

Ni ina yin allura ina addu'a,
Ɗaya ba ta korar 'yar'uwarta.

Ƙaramin Toma:

Yaya Nas, na gode da wannan haske,
Amma ga abin da ke cina da gaske:
Yau likita ya rasa yadda aka warke,
Wa ya ce jikansa ba zai gano ba?

Yaron da ke Markus sura 9,
Yana faɗuwa da kumfa, yana ƙara,
Yau da farfaɗiya likita zai fara,
Ba zai kira sunan aljani ba.

In mun ajiye Allah a gurbin jahilci,
Ilimi na ƙaruwa kowane lokaci,
Gurbin nan kullum sai ya yi ƙaranci,
Wata rana ba za a bar masa komai ba.

Baba Dattijo:

Toma, Allah ba ya zaune a gurbi,
Shi ya kafa komai, shi ya yi tsari.

Agustin na Hippo, ɗan Afirka ne,
A Aljeriya ta yau ya yi nazari.

Ya rasu a 430, amma tun lokacin
Ya warware wannan ƙulli mai tauri:

Mu'ujiza ba ta saɓa wa halitta,
Iyakar saninmu ta ƙetare, shi ne sirri.

Wanda ya mai da ruwa ruwan inabi a Kana,
Shi ke yi duk shekara a kuringa, ba sauri.

Wanda ya yawaita gurasa 5 a jeji,
Shi ke yawaita ƙwaya ta ciyar da gari.

Mun saba ne, shi ya sa ba ma mamaki,
Sabo ke rufe ido ga alheri.

Ko da farfaɗiya ce ta kama yaron,
Da kalma ya warke nan take, ba jinkiri.

Amma akwai wurin da iska ba ta kai ba,
Can nake so mu tsaya: bakin kabari.

Paulus ya ce suma ce Yesu ya yi,
Sanyin kogo ya farkar da shi da wuri.

Strauss, wanda bai yarda da tashin ba,
Shi ma ya yi watsi da wannan labari.

Mutumin da ya sha bulala, aka kafa da ƙusa,
Soja ya soke shi da mashi a haƙarƙari,

Ya fito da rarrafe yana neman jinya,
Wa zai ce ya ci mutuwa, ya yi masa kirari?

Bulus a wasiƙar fari ga Korintiyawa, sura 15,
Sama da 500 sun gan shi a sarari.

Ya ce in Almasihu bai tashi ba,
Wa'azi banza ne, bangaskiya ba tasiri.

Malamin Kimiyya:

Baba, kayan awona suna aiki ne
Kan abin da ke faruwa yana maimaituwa.

Iska ta sake zuwa, an auna ta,
Kabarin sau ɗaya ya yi buɗewa.

Ba ni da na'urar da zan kai wurin,
Shaidar waɗanda suka gani nake aunawa.

Mutanen da suka watse daren kamu
Suka dawo wa'azi ba tsoron mutuwa.

Yakubu ya sha takobin Hirudus,
Sauran suka ci gaba da shelantawa.

Ƙaramin Toma:

Ni ban iso inda kuka iso ba tukuna,
Batun 500 Bulus kaɗai ya faɗa, a sanina,
Sura 15 zan karanta da kaina,
Ban ce na rufe littafin ba.

Mako mai zuwa ga abin da zan kawo:
Tauraron da masanan gabas suka biyo,
Haɗuwar taurarin Mushtari da Zuhal masani Kepler ya gano,
Shekara 7 kafin Miladiyya, ba sau ɗaya ba.

Uwar Zumunta:
Kawo shi, ɗana. Amma kafin ka zo, ka karanta Matiyu sura 2, ka tsaya sosai a aya ta 9.