Zan hau jirgin ruwa na shaƙatawa, yaya zan kare kyamarata daga danshi?

Mai Hoton Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara tara ina ɗaukar hoton biki da suna a nan Jos, amma tekun nan ko a Legas ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Yayana da ke aiki a birnin Durban na Afirka ta Kudu ya biya mana ni da maiɗakina kuɗin jirgin shaƙatawa na kwana huɗu zuwa gaɓar Mozambik a watan Janairu. Kyamarata Canon ce, ita ce jarina, ba ni da wata. Ƙurar hunturu na san maganinta, burushi da tsumma. Ruwan gishiri ne ban san halinsa ba. In tafi da ita ko in haƙura da waya? Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Hajiya ta Gwarimpa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tafi da abarka, amma ji abin da ya same ni. Ranar farko na fito daga ɗaki, esi ya kwana yana bugawa, na hau saman jirgi da asuba don in kama fitowar rana. Ina buɗe murfin gilashin kyamara sai gilashin ya yi gumi fari fat, kamar madubin banɗaki bayan wankan ruwan zafi. Na goge da gefen mayafi, ya dawo. Kafin ya washe rana ta yi sama. Gilashi mai sanyi ne ya haɗu da iska mai ɗumi da laima, shi ke nan.

Abin da na koya: saka ta cikin leda mai zif tun kana ɗaki, ka fito da ita haka, ka ba ta kamar minti 20 ta ɗauki ɗumin waje kafin ka buɗe. Gumin zai tsaya a jikin leda. Ƴan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu shanye danshi, tara su tun yanzu ka zuba a jaka. Kuma ka tuna Janairu a can tsakiyar zafi ne, ba sanyin Jos ba, rigar sanyinka ta filin jirgi ce kawai.

Injiniya Ɗan Wuse:
Hajiya ta gama magana kan danshi. Ga ƙari. Bar mai ƙafa uku, abin ɗora kyamara, a gida, ƙasan jirgi rawa yake saboda inji, hannunka ya fi shanye girgizar. Ɗaga gudun shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, zuwa 1/500 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri. Dron ma, ɗan jirgin ɗaukar hoto daga sama, kada ka wahalar da kanka, yawancin jiragen nan ba sa bari.

In za a kai ku tsibirin Portuguese da ke mashigin Maputo, babban jirgin ba ya isa gaɓa, a ƙananan kwalekwale ake sauke mutane. Nan ne feshin ruwa ke samun kaya. Kada ka canja gilashi a bakin rairayi. In gishiri ya bushe a kai, hura tukuna, sannan tsumma mai ɗan damshin ruwan sha. Gogewa a bushe karce shi zai yi.

Baba Mai Studiyo:
Yaro, ni tambayata ɗaya: aiki za ka je ko hutu? Na san irinmu, sai ka dawo da hoton ruwa ɗari takwas, na iyalinka uku. Ruwa duk iri ɗaya ne a hoto in babu mutum a gabansa. Ka kuma lura da layin da sama ta haɗu da teku, in ya karkace ko kaɗan sai a ga kamar ruwan zai zube. Masunta da masu talla a gaɓa, nemi izini kafin ka ɗauka, yadda kake yi a kasuwar Terminus.

Mai Hoton Gangare:
Baba ka kama ni, ita ma maiɗakin abin da ta faɗa kenan jiya. Na gode Hajiya, na aika yara shagon takalma neman ƙullin. Injiniya, katin memori biyu masu 64GB za su isa, ko in ƙaro?