Gansakuka a ɗan tafkin ado na bayan gida: abin da masu shi suka ce

Kusan kowa ya yarda abu biyu ke ciyar da gansakuka, rana da datti. Ragowar abincin kifi, kashinsu, ganyen da ya faɗa ya ruɓe, da takin fulawa da ruwan sama ke wankowa ciki, duk abincinta ne, shi ya sa aka ce a ba kifi iya abin da za su cinye cikin minti 5 kawai.

Maganar shuka kuwa bado aka fi yabo, faffaɗan ganyensa na yin inuwa, so ake a rufe kamar rabin saman ruwan. Amma fa ba ya son inda ruwa ke fantsama, a nisanta shi da famfo. Kainuwa tana zuƙe dattin sosai, sai dai yaɗuwa gare ta, dole a riƙa kwashewa, kuma don Allah kar a zubar da ita a rafi.

Fitilar UV, wato mai hasken da ke kashe ƙananan ƙwayoyin gansakuka, tana gyara koren ruwa amma gansakuka mai kama da zare sai an sa sanda an nannaɗo ta. Wasu sun ce a kwashe ruwan duka a sake, ni dai ban goyi baya ba, kashi 10 zuwa 20 ya isa, in ba haka ba sabuwar gansakuka ce za ta dawo ta fi ta da.